Jitar da Aka Rataya wa Yaya

Wata bakwai cur na yi ina roƙon Yaya ya je ya ga wasan Dogo da idonsa. Na yi kuka, na yi gaba, na daina cin abincin gidan kwana biyu har sai da Umma ta ce in ban ci ba ɗura za ta yi mini. Duk a banza. Maganarsa ɗaya ce kullum, ba ragi ba ƙari:

"Ba zan ba makaɗi ƙanwata ba."

Shekarata ashirin da bakwai, ina koyarwa a firamare, ba yarinya ba ce ni. Amma tun da Baba ya rasu maganar Yaya ce yanka a gidanmu, Umma ba ta tsallake ta. Ni ma duk da kaifin bakina ban taɓa tunanin yin aure ba da yawunsa ba, don shi ya riƙe mu.

Matarsa ce ta shawo kansa a ƙarshe, ban san da wane irin lallashi ba. Ranar Asabar da yamma ya tsaya a ƙofar ɗakina, hannunsa na hagu a aljihu kamar kullum, ya ce:

"Auta, sa mayafinki. Sau ɗaya zan je. Abin da na gani da idona shi ne hukunci, kuma daga yau ba na son in ƙara jin zancen nan."

Hannun nan na aljihu yana da tarihi, kuma a gidanmu ba a taɓa zancensa. Yaya makaɗin jita ne a da, tun ina 'yar shekara goma sha biyu. Da Baba ya rasu ya shiga aikin kafinta don mu ci abinci, ya ce shekara ɗaya kawai zai yi ya koma kiɗansa. A wata na huɗu injin yanka katako ya ɗauke masa yatsu uku na hannun hagu, hannun da ake danne tsirkiya da shi. Daga ranar ya fitar da jitar daga gidan, ya kafa doka: wanda ya yi maganar hannunsa a waje, ba shi ba shi.

Na gaya wa Dogo cewa Yaya ya taɓa kiɗa ya bari. Maganar yatsu kuwa na haɗiye ta saboda dokar gida. Sau ɗaya suka taɓa haɗuwa, a ƙofar gidanmu, Yaya ya kore shi ba tare da ya ko ciro hannun ba.

Muna fitowa na ga farar mota a ƙofar gida, sai raina ya ɓaci tun kafin a je ko'ina.

Mai Kyamis ne, abokin Yaya tun suna samari. Shagon sayar da magani gare shi, amma in ba ka ce masa Dakta ba sai ya yi kamar bai ji ka ba. Shekara biyu yana bibiyata, ina ce masa a'a, yana murmushi yana cewa mai haƙuri shi kan dafa dutse.

"Wa ya gayyato shi?" na tambayi Yaya.

"Ni. Da ƙafa kike so mu je?"

"Shigo mana, Malama," in ji Mai Kyamis, yana buɗe mini ƙofa har da rusunawa. "Mu ma mu je mu ga yadda ake neman aure da ganga."

"Jita yake kaɗawa."

"To, ai duk hayaniya ce."

Na shiga baya na buga masa ƙofar da ƙarfi, don na san yadda yake ji da ita.

*

Gidan kiɗan tsohon sito ne a bayan wani wurin wankin mota. Sai ka bi ta kan jiƙaƙƙen siminti da kumfar sabulu kafin ka kai ƙofar. A ciki kujerun roba ne kamar sittin, fanka uku a sama, ɗaya ta mutu, bangon duk an manne shi da kwalin ƙwai don kada ƙara ta dami maƙwabta. Akwai wani ƙarfe da ya sauko ƙasa a bakin ƙofa, Mai Kyamis ya buga goshinsa da shi ji kake ƙwam, ni kuwa na ji daɗi har cikin raina.

Yaya ya sunkuya ya wuce ƙarfen ba tare da ya ko ɗaga kai ba. A lokacin ban kawo komai a raina ba.

Muka zauna a layi na uku. Yaya ya dubi dandamalin sama da ƙasa, ya taɓe baki.

"Wanda ya sake buga katakon nan bai san aikinsa ba."

Ƙungiya huɗu ce za ta yi wasa, kowace rabin awa. Manajan wurin yana zaune a gefe da agogon bango a kan cinyarsa, hannunsa kusa da makunnin wuta, duk wanda ya zarce lokacinsa sai ya kashe masa lasifika ko da a tsakiyar baiti ne.

Ta farko 'yan makaranta ne, mawaƙinsu yana ihu kamar an taka masa ƙafa, mai gangarsu yana gudu ya bar kowa a baya. Mai Kyamis ya matso kusa da kunnen Yaya, amma ya ɗaga murya don in ji.

"Ka ga abin da za a riƙa ciyar da ƙanwarka da shi ke nan. Ihu da safe, ihu da rana."

Na danne zuciyata. Na yi wa kaina alkawari yau ko zagin Umma aka yi zan yi shiru har a tashi.

Ta biyu manya ne, da wani dattijo mai busa da furfura a gemu. Waɗannan sun san abin da suke yi. Mata biyu suka tashi suna rausaya a tsakanin kujeru, mai sayar da lemo ya ajiye bokitinsa yana tafi. Na saci kallon Yaya. Fuskar a murtuke take, amma ƙafarsa ta dama tana buga ƙasa a hankali, daidai da kiɗan. Ban san lokacin da na fara addu'a a zuci ba.

Sai aka kira su Dogo.

Ya hau da farar rigar da na goge masa da hannuna, yana sunkuyar da kai don kada ya taɓa ƙwan lantarki. Da rana gyaran rediyo da lasifika yake yi, mutum ne mai sanyi, ko gaisuwa sai ka matso kake jin muryarsa. Amma in ya rataya jita sai ya zama wani mutum daban.

Ya fara shi kaɗai, a hankali. Surutu ya mutu a ɗakin. Mai ganga ya shigo, mai fiyano ya biyo baya, Dogo ya rufe ido yana tafiya da su, yatsunsa suna hawa suna sauka kamar ba a jikinsa suke ba. Wallahi na sha jin kiɗansa, amma ban taɓa jin ya yi irin na daren nan ba. Ƙafar Yaya ta daina buga ƙasa. Ya miƙe zaune, ya zuba wa hannun Dogo ido ko ƙiftawa ba ya yi.

Na ce a raina, shi ke nan, Allah ya yi.

Minti goma sha biyar daidai Dogo ya ɗaga hannu, kiɗa ya tsaya cak. Ya matso makirfo yana haki.

"Jama'a, kun san ƙa'idarmu ta makaɗa. In babba ya shigo ɗaki, ƙarami ba ya cinye lokacinsa shi kaɗai. Yau akwai wanda ya riga mu taka katakon nan da shekara goma sha biyar. Ragowar lokacina nasa ne."

Na juya na dubi Yaya.

Ya juya baya ya ɗauko wata jita daga cikin jaka. Ja ce, da tabon ƙuna a gefe inda fitila ta taɓa faɗo mata, da igiyar ratayawa mai shuɗin zare wadda Umma ta saƙa da hannunta. Ko a mafarki na gan ta zan gane ta.

Dattijon nan mai busa ya miƙe daga inda yake zaune, ya kare ido da hannu yana leƙen layinmu, sai ya kwarma ihu:

"Kai! Walƙiya ne! Wallahi Walƙiya ne!"

Laƙabin Yaya ke nan a zamanin da yake kiɗa. Ɗakin ya ɗauka. "Walƙiya! Walƙiya!" Yaran da ba a ma yaye su ba lokacin da Yaya yake kiɗa, su ma suna tafi suna buga kujeru. Na miƙe ina yi wa Dogo alama da hannu biyu, a'a, a'a, bari! Fitila tana haska masa ido, ya ɗauka murna nake yi, har ya ɗago mini hannu.

"Ba zan hau ba," in ji Yaya, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Haba, mutumina, ka ba su kunya?" Mai Kyamis ya kama kafaɗarsa yana dariya, ya tura shi tsakiyar hanya. "Jama'a, ga shi nan! Ku taya ni!"

A wurin makaɗa ba a ƙin irin wannan kiran. Tafi ake yi har sai mutum ya hau. Hannuwa suka yi ta tura Yaya gaba, har ya tsinci kansa a kan katakon da ya gama kushewa. Dogo ya durƙusa, ya miƙe ya rataya masa jar jitar a wuya da hannu biyu, sannan ya koma ya zauna a ƙasa kusa da ganga kamar ɗalibi.

Aka yi tsit ana jira.

Yaya ya daɗe yana kallon jitar a ƙirjinsa. Sannan ya zaro hannunsa daga aljihu, abin da ko a tsakar gidanmu ba ya yi, ya ɗaga shi sama a ƙarƙashin fitila. Babban yatsa da ɗan ƙarami, sai dungu uku a tsakani.

"Ga abin da ya rage," ya faɗa a makirfo. "Wace waƙa kuke so?"

Ba wanda ya yi ko tari. Wata mata a bayana ta ce innalillahi. Ya cire jitar a hankali ya jingine ta da lasifika, ya sauko, mutane suna darewa, ya sunkuya ya wuce ƙarfen ƙofa ya fita.

*

A bayan sito na sami Dogo, kusa da janareta, da tasa jitar a hannu, yana tsaye kamar wanda aka watsa wa ruwan sanyi. Ban jira ya buɗe baki ba.

"Allah ya isa tsakanina da kai!"

"Malama, don Allah ki tsaya..."

"In tsaya in ji me? Wata bakwai! Wata bakwai ina zubar da hawaye ina zubar da mutuncina don mutumin nan ya zo ya zauna rabin awa. Rabin awa kawai aka ce ka kaɗa abinka ka sauka. Ya gagare ka? Sai ka yi gwaninta?"

"Wallahi ban sani ba. Ban san hannunsa..."

"Wa ya aike ka? Ka tambaye ni? Kullum muna tare, ka taɓa cewa, Malama, ga abin da nake shiryawa?"

"So na yi ya zama abin mamaki. A wurinmu babu girmamawar da ta wuce wannan. Ni kaina in na tsufa aka yi mini haka..."

"A wurinku! Kullum a wurinku! Shi ya sa Yaya ya ce makaɗi ba ya ganin kowa sai mai tafi. Mutumin da ya rasa yatsunsa don in yi makaranta, shi ka tsayar a gaban 'yan kallo kamar abin nuni a kasuwa!"

Idonsa ya kawo ruwa, amma a karon farko tun da na san shi ya ɗaga mini murya.

"Ke fa? Kin ce mini ya yi kiɗa ya bari. Me ya hana ki ƙarasa? Shekara guda muna tare, kin san sunan kowa a gidanmu, kin san ciwon mahaifiyata, amma wannan kika ɓoye mini. Da kin faɗa mini kalma ɗaya, ɗaya tak!"

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ƙara tunzura ni. Kuka ya ƙwace mini, ina yi ina masifa.

"Au, laifina ne ma? To madalla. A ina ma ka samo ta? Mu kanmu ba mu san inda ya kai ta ba."

"Abokinsa ne ya kai ni."

"Wane abokin?"

"Dakta. Sati biyu da suka wuce ya zo shagona. Ya ce ya haƙura da ke, ya ga ni kike so, zai taimake ni. Ya ce in ina son zuciyar Yaya ta yi laushi in dawo masa da jitarsa a gaban jama'a. Shi ya ɗauke ni a motarsa har gidan wani tsohon malamin kiɗa, can muka same ta a kan sif."

Na ji kamar ƙarar janaretan a cikin kaina take. Mai Kyamis, wanda ya yi wata uku yana zuwa gidanmu kullum yana wanke wa Yaya ciwon nan yana naɗe shi da bandeji!

Da mai hankali ce ni, da a nan na tsaya. Amma zuciya ta riga ta ciyo ni, kuma Dogo ne a gabana, ba Mai Kyamis ba.

"Kura ta ce maka ta tuba, kai kuma ka ba ta ajiyar akuya. Ka san abin da ya rufe maka ido? Wannan abar!" Na nuna jitar hannunsa. "Ita ta cinye Yaya, ita ta cinye mini daren nan. Ba zan zauna da ita a gida ɗaya ba. Ko ni ko ita!"

"Malama, kin san abin da kike faɗa?"

"Na sani sarai. In kana son in ƙara tsayawa gaban Yaya saboda kai, ka rantse ka bar kiɗa. Yanzu, a nan."

Ya dube ni, ya dubi jitar. Hawaye suna zuba har kan farar rigar. Ya sa hannu a aljihun wando ya zaro 'yar filayar da yake gyaran rediyo da ita.

"Na rantse da Allah na bari."

Ya datse tsirkiya ta farko, ta yi wata 'yar ƙara ta nannaɗe. Ta biyu. Ta uku. Har shida. Na tsaya na kalla har ya gama, kuma ba zan yi ƙarya ba, a lokacin sanyi na ji a raina. Na juya na bar shi a wurin.

*

Suna cikin mota suna jirana. Yaya a gaba, hannun ya koma aljihu. Muka hau titi, Mai Kyamis yana tuƙi yana girgiza kai.

"Ka gani ko? Na faɗa maka yaran nan ba su da tarbiyya. Ni wallahi kunya ta kama ni. A tozarta mutum kamarka a bainar jama'a? Ai ko don wannan..."

"Munafuki!"

Motar ta ɗan yi tangal-tangal.

"Auta," in ji Yaya.

"Wallahi sai na faɗa, Yaya, ko za ka yanka ni! Shi ya je shagon Dogo. Shi ya kai shi inda jitar take. Shi ya ce a ba ka a gaban mutane. Kai da ka wanke ciwon nan da hannunka, ka san abin da ke cikin aljihun nan, ka tura shi kan dandamali kana dariya! Don ka same ni? To ko maza sun ƙare a duniya, Mai Kyamis, ko kai kaɗai ka rage!"

"Dakta," ya gyara mini, don ko a wannan halin bai iya bari ba. Ya yi 'yar dariya. "Ka ji sharri ko? Yaro ya yi ɓarna yana neman wanda zai shafa wa. Ni ina na san wata jita?"

Yaya bai juyo ba. Titi yake kallo.

"Mutum biyu ne suka san inda na kai ta," ya ce. "Ni, da wanda ya goya ni a babur ranar, don hannuna yana naɗe. Tsaya a nan."

"Haba, mutumina, shekara ashirin muna..."

"Na ce ka tsaya."

Ya taka birki. Yaya ya fita, na bi shi. Ya sunkuya ta taga.

"Yaron can ya yi ne bai sani ba. Kai ka sani. Kada in ƙara ganin motar nan a layinmu."

Motar ta ja da gudu ta bar mu a gefen titi, gaban wani shagon faci da aka rufe. Zuciyata ta fara dawowa wurinta. Na ce to, gaskiya ta fito, saura a yafe wa Dogo.

Yaya ya zauna a kan wata tsohuwar taya.

"Ya iya," ya ce can.

"Na'am?"

"Yaron. Ya iya. Ya fi ni a lokacin da nake da yatsuna." Ya goge fuska da hannun dama. "Kin ɗauka don ina raina makaɗa na hana ki? Tsoro nake ji, Auta. Na san yadda abin yake. Aure ya zo, haihuwa ta zo, mace ta fara ƙorafi, dangi su sa baki, sai mutum ya ajiye ya kama wata sana'a. Daga ranar kuma ba shi da sauran daɗi. Tambayi matata. Shekara goma tana zaune da mutumin da in an kunna rediyo sai ya bar ɗakin. 'Ya'yana ba su taɓa jin na yi waƙa ba. Ni dole ce ta sa ni. Ba na son a kawo miki irina, kina ganinsa kullum kina sanin saboda ke ya zama haka."



"Yaya..."

"Ƙa'idar gidan can ba ta canja ba, na ga agogon. Wanda bai cinye lokacinsa ba ana ba shi ragowar bayan ƙungiyar ƙarshe. Yana da minti goma sha biyar." Ya miƙe yana kaɗe wando. "Mu koma. Makaɗin gaske ko gidansu ne ya rushe sai ya ƙarasa wasansa. In na same shi a kan katakon nan bayan abin da ya faru, to ba mai ajiyewa ba ne, ya turo iyayensa gobe. In kuwa ɗan wannan ya sa ya ajiye, ki manta da shi. Mutum ɗaya irina ya ishi gidanmu."

Na buɗe baki in faɗa masa maganar rantsuwar, na fasa. Ya riga ya yi gaba.

Tafiyar ba ta kai minti ashirin ba, amma ban taɓa yin mai tsawonta ba. Ina tafe ina lissafi. Tasa ba ta da tsirkiya, amma jar tana nan jingine da lasifika, da tsirkiyarta shida sababbi. Abokansa za su matsa masa. Manaja zai yi masa faɗa. Ya Allah ka sa ya karya rantsuwar nan, ni zan yi masa azumin kaffara. Ya Allah ka sa ya raina maganata sau ɗaya a rayuwarsa.

Tun daga wurin wankin mota muka fara jiyo kiɗan. Na kasa kunne har ina riƙe numfashi. Ga ganga. Ga fiyano. Na jira jita ta shigo inda ta saba shigowa.

Fiyano ne ya cike gurbin.

Dogo yana zaune a bakin ƙofa a kan bokitin wankin mota da aka kife, jar jitar a cikin jakarta a kan cinyarsa. Da ya hango mu ya miƙe da sauri har bokitin ya faɗi. Ya zo ya durƙusa gaban Yaya a kan jiƙaƙƙen simintin, ya miƙa jakar da hannu biyu.

"Yaya, ka yafe mini, wallahi ban sani ba. Ga kayanka." Har da ɗan alfahari a muryarsa, irin na wanda ya kawo babbar kyauta. "Kuma ka kwantar da hankalinka. Na bar kiɗa. Na rantse da Allah, na datse tsirkiyata da hannuna. Ba makaɗi za ka ba ƙanwarka ba."

Ina yi masa alama da ido ya yi shiru, bai gani ba, kamar ɗazu.

"Abokanka suna ciki suna wasa," in ji Yaya. "Lokacinka ne."

"Na sani. Sun roƙe ni, na ce na riga na rantse."

"Wa ya sa ka?"

Ni kawai Dogo ya duba.

Yaya ya juyo ya dube ni shi ma. Na ɗauka zai yi faɗa, na ma fi son ya yi, ya zage ni, ya mare ni a gaban kowa. Bai yi ba. Ya karɓi jakar da hannun dama ya rataya a kafaɗa, a ciki kuma Manaja ya kashe lasifika, lokaci ya cika.

"Mu tafi gida, Auta."

Na bi bayansa. Dogo yana durƙushe a cikin kumfar sabulu yana kiran mu.

"Yaya! Malama! Ai na bari! Me kuma na yi?"

Ban waiwaya ba, don ba ni da bakin da zan gaya masa.